Layin Masu Yanar Ido

Shekara goma sha tara ban furta sunan Bakari ba.
In an ce Bakari mai garaya, sai in ce wane?
In na hango hularsa a kasuwar Garwa
sai in ratse ta rumfar masu busasshen kifi,
gara ƙarni ya bi ni gida
da mu haɗa ido a hanya.

Kaset ɗaya ne ya raba mu.
Kwana uku muna ɗauka a ɗakin wani Bamileke,
ni da goge, shi da garaya, marigayi Ɗan'asabe da ƙwarya.
Da kaset ya fito, sunansa ne a sama da manyan baƙaƙe,
nawa can ƙasa, kamar ƙuda ya faɗa miya.
Ya ce kuskuren mai ɗab'i ne.
Na ce to jaka arba'in ɗin fa?
Ya ce mota da abinci sun cinye.
Na tofar da yawu, na saɓi gogena.
Ni Yalwa, shi ƙetaren gadar Binuwai,
ruwa ya cika ya janye, ya cika ya janye,
ba wanda ya aika wa wani da ina lafiya.

Sai ranar Talata, asibiti, layin masu yanar ido.
Jikata Uwani ta zaunar da ni a benci
ta tafi karɓo kati.
Duniya duk hayaƙi ce gare ni, mutane inuwoyi.
Can na ji yatsu na ƙwanƙwasa katako a gefena:
biyu, ɗaya, biyu, a dakata.
Kiɗan masunta ne, wanda muka haɗa a bakin kogi
daren da kwalekwalen Jauro ya kife da buhunan gyaɗa.
Mutum biyu suka rage da suka san inda yake juyawa.
Bakina ya riga ni:
“Ka yi sauri. Kullum a nan kake sauri.”
Yatsun suka tsaya.
Wata murya da ta tsufa ba da sanina ba ta ce:
“Nalado, kai ne mai jan ƙafa, tun muna samari.”
Har yau ban san me ya fara fitowa ba,
kuka ne ko dariya.

Ba mu ce a yafe ba, bakinmu bai iya kalmar ba.
Ya tambayi gwiwata, na tambayi mai ɗakinsa.
Ya ce ta rasu bara waccan, cikin azumi.
Ban je gaisuwa ba. Ban ma ji ba.
Wannan ta fi jaka arba'in nauyi.
Ba mai ganin wani a cikinmu,
amma sai da na sunkuyar da kai don kunya.

Rana ɗaya aka yi mana aiki, shi hagu, ni dama.
Muka fito da auduga a fuska,
ido biyu tsakaninmu, su ma rabi-rabi.
Ya kama gefen rigata,
'yan babur na zaginmu, muna tafiya.

Jiya ya zo gidana, garaya cikin buhun shinkafa.
Fatar ta saki, sai da muka kanga ta a bakin murhu.
Na shafa ƙaro a izga, hannuna na rawa.
Ya ajiye wani ƙullin leda a tabarma, bai ce uffan ba.
Kaset ɗin ne. Ya soke sunansa da biro,
ya rubuta na Ɗan'asabe a gurbin.
Na ce, “Rakodata ta mutu tun tuni.”
Ya ce, “To mu da sauran numfashi.”

Muka ɗauko kiɗan masunta daga tushe.
Wurin ƙwarya muka bar shi fili, ba wanda ya cike.
Da muka iso inda yake juyawa
ya yi sauri, na ja ƙafa.
Uwani daga bakin ƙofa ta ce, “Kaka, bai hau ba!”
Ba mu tsaya gyara ba.
Har aka kira magariba
goge na ɗingishi yana bin garaya.